Muryar Inna da Na Ɗora a Shafina

Minjibir, ranar Asabar, cikin kaka.

Zuwa ga Yayana abin girmamawa, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yaya, gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga wanta, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, kai da Anti Maimuna da yara. Allah ya sa wa shago albarka, ya sauwaƙe maka ciwon bayan nan da zaman keken ɗinki yake tayar maka, ya raya mana Najib da Rumaisa bisa tafarkin addini. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Damina ta yi mana kyau bana. Ƙaninka Tajuddeen ya gama yankan gero a gonar gabas har an ɗaure an kai rumbu, dawa kuma tana nan ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. Gyaɗa ce kawai ta ɗan ba mu kunya, don ruwan ƙarshe ya ɗauke da wuri. Jaririn Aishatu matar Tajuddeen, Abdulkabir, wanda aka gaya maka haihuwarsa ta waya, yana nan yana ta ƙiba, kuma duk wanda ya ɗauke shi sai ya ce goshin marigayi Baba ne sak. Maigidana Kamaruddeen yana gaishe ka, shi ne ma ya matsa mini in zauna in yi wannan rubutu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Alhaji Basiru, alhali ga waya. Magana ce da ba ta faɗuwa a waya, kuma na san kaina, da na ji muryarka bakina zai mutu, in ɓige da tambayar farashin atamfa a Kumasi. Laifi na yi, Yaya, babba, kuma Inna na yi wa. Kai ma yana shafarka. Gara ka ji daga bakina tun kafin wani mai kai rahoto ya riga ni.

Ka san shafin nan nawa na intanet, wanda kake tsokanata kana ce masa gonar da ba a cin amfaninta. Shekara biyu ke nan ina rubuta abubuwan da na ga suna ɓacewa a ƙauyukanmu: yadda ake ginin rumbu, yadda ake kiran gayya, sunayen irin gero da dawa da tsofaffi suka sani, yadda ake kai taki gona a kan jaki. Da na fara rubuta waƙoƙin aiki na mata, na niƙa da na daka da na daɓe, sai masu karatu suka yi ta cewa baitin da ke kwance a rubuce ba ya motsi, su ji suke so su yi. Gaskiyarsu ne. Wata abokiyar aikina a makaranta ta nuna mini yadda ake yi. Ka ɗauki muryar da waya, ka datse farko da ƙarshe da wata 'yar manhaja, ka rage mata nauyi don masu ƙarancin sabis su iya buɗewa, ka ba ta suna, sannan ka ɗora ta a ƙarƙashin rubutun, sai wani ɗan maɓalli ya fito wanda mai karatu zai taɓa ya saurara. Cikin mako guda na ƙware, har ina koya wa wasu, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro abin.

Duk yankinmu kuwa babu wadda ta kai Inna riƙe waƙar daɓe. Tun da siminti ya zo aka daina tara mata su daɓe ɗaki, waɗanda suka iya waƙar sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Na yi wata guda ina lallaɓa ta. Da fari ta ƙi, ta ce muryar tsohuwa ba abin yawo da ita gari gari ba ce. Ni kuwa auta ce, ka san ba a taɓa hana ni abu sau uku ba a gidan nan. A ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi: waƙar kaɗai za a ji, ba sunanta, ba hotonta, ba sunan gidanmu. Na amsa mata da rantsuwa, na ce abin da zan rubuta kawai shi ne wata dattijuwa daga ƙasar Minjibir.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar muka zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa. Tajuddeen yana gona, Aishatu tana ɗaki da nauyin ciki, daga ni sai ita. Ta kifa ƙwarya tana bugawa da tafin hannu a madadin madaɓi, ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta gama ta dubi wayar da ke kan tabarma ta tambaye ni ko na kashe abin. Na ce na kashe. Yaya, ban kashe ba. Wannan shi ne laifina na farko, kuma da gangan na yi shi. Na lura tsofaffi ba sa sakin jiki sai sun ga an ajiye na'ura, a nan ne zancen mai daɗi yake fitowa, sai na ce a raina bari in bar ta tana ɗauka, ko zan tsinci wani bayani da zan yi amfani da shi a rubutu. Na kifa wayar, na matsar da ita kusa da ƙafarta.

Abin da ya fito ba bayanin daɓe ba ne. Ta ce rabonta da yin waƙar nan da zuciya ɗaya tun shekarar da aka yaye ka, lokacin da aka daɓe mata sabon ɗaki. Ta ba ni labarin ranar da kakarmu ta Gezawa ta zo ɗaukarka, aka ce kwana bakwai za ka yi ka manta nono, kwana bakwan da suka zama shekara goma sha ɗaya. Ta ce tana tsaye a bakin turmi tana daka aka saɓa ka a baya, kana kuka kana miƙo mata hannu, ita kuwa ba ta ɗaga kai ba, don surukarta da matan gida duk ita suke kallo, kuma ɗan fari ba a nuna an damu da shi. Ta ce ta yi ta dakan har geron ya wuce yadda ake so, ba ta sani ba. Da gida ya yi shiru sai ta zagaya bayan rumbu, ta kafa bakinta a jikin ginin, ta kira sunanka yadda ba wanda zai ji. Tana faɗa mini haka sai ta kira shi, a gabana, a hankali, har sau biyu. Shekarata talatin da ɗaya a duniya ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Kullum mutumin can ne, ko na Kumasi, ko wanku. Ta ƙara faɗin wasu abubuwa game da kiran da kake yi duk Juma'a, waɗanda ba zan rubuta a nan ba. Daga nan ta yi dariya, ta share ido da gefen zane, ta ce in rabu da ita, shirmen tsufa ne.

Na koma gida. Na datse waƙar, minti huɗu, na ajiye ta da suna. Cikakkiyar kuma, mai minti goma sha ɗaya, na kasa goge ta, na bar ta a wayar da suna kusan iri ɗaya, bambancin kalma guda. Ranar Talata a makaranta, lokacin hutun tara, na tsaya a bakin tagar ofishin malamai inda sabis ya fi kamawa, na ɗora. Na ga abin yana jan jiki fiye da yadda ya saba, na ɗora wa sabis laifi. Aka buga ƙararrawa, ina da aji, na danna na wallafa na wuce ba tare da na saurara ba. Ni da nake gaya wa 'yan ajina kada su miƙa takardar jarrabawa sai sun sake karantawa.

Washegari na buɗe shafin na tarar da saƙonni sun yi yawa. Wata mata daga Damagaram ta rubuta cewa waƙar ta yi daɗi, amma zancen ƙarshen ne ya sa ta kuka, don ita ma 'yar fari ce kuma mahaifiyarta ta rasu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Na taɓa maɓallin na ga minti goma sha ɗaya. A nan ne ya kamata in cire shi, hannuna yana kai. Amma sai idona ya sauka kan adadin waɗanda suka shiga. Shafin da in mutum arba'in suka leƙa nake murna, ranar ya haura dubu biyu. Mutane daga wurare da ban taɓa zuwa ba suna yabo, suna cewa ba a taɓa kawo musu abu mai taɓa zuciya irin wannan ba. Sai na fara yi wa kaina huɗuba: ai babu sunanta, ai waɗannan na nesa ne, wa zai gane? Na bar shi ya ƙara kwana. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, don na farko zan iya cewa son aiki ne, na biyu gaggawa ce, na ukun nan kuwa ba shi da wani suna sai son a yabe ni. Alhali a cikin muryar akwai sunanka, akwai Gezawa, akwai Kumasi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa biki a garinmu ya san muryar Inna ko daga barci ya tashi.

Ranar Alhamis da safe na cire, amma an riga an sauke shi. Abin da ban yi tunani ba ke nan sa'ad da nake koyon ɗorawa: rubutu sai wanda ya iya karatu kuma ya damu, murya kuwa kowa yana da kunne. Daga wayar wani ɗan makarantar sakandare ta shiga zauren hirar waya na 'yan garinmu, daga nan ta bi waya waya. Tajuddeen ya ji ta a teburin mai shayi a bakin tasha, ya ce ya rasa inda zai sa kansa, ya bar shayin bai sha ba. Muka haɗa baki ni da shi muka ɓoye wa Inna, muna fatan abin zai mutu da kansa.

Sai Aishatu ta haihu, aka zo suna. Gida ya cika da mata, Inna tana ta kai da kawo da fara'arta, ita ke rabon waina. Wata yarinya daga cikin dangin mai jego ta kunna muryar a wayarta don ta nuna wa ƙawayenta, ba da mugun nufi ba, ita a ganinta abin alfahari ne. Tsakar gida ta yi tsit, muryar Inna tana tashi tana kiran sunanka a gaban surukanta da ƙannen mijinta da 'ya'yan cikinta. Nana Hafsat, taubashiyarta ta Gezawa, wadda ka san ba ta barin ta kwana, ta tafa hannu ta ce, “Ashe dai kin iya sunan, shekara arba'in da shida kina mana fulako!” Aka kwashe da dariya. Wasu 'yan matan kuma suka shiga cewa ai wannan shi ne wayewa, uwa ta nuna tana son ɗanta, wanda a wurin Inna ya fi dariyar ciwo. Ta ajiye kwanon wainar a ƙasa a hankali, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba ta fito ba har aka watse. Sunan jikanta, a gidanta. Ni ina tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, na so ƙasa ta tsage in shige.

Kawu Yuguda ya zo daga Bagwai a kan babur kwana biyu bayan haka, ya wanke ni tas a zaure. Ya ce yayarsa ta yi shekara sittin da 'yan kai tana riƙe da mutuncinta, ba a taɓa jin ta ta yi abin da za a nuna ta da baki ba, ni da bokona na zubar mata a wuni ɗaya. Bai faɗi ƙarya ba. Da Inna ma ta yi mini irin wannan faɗan da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Tana amsa gaisuwata, tana tambayar Kamaruddeen, amma da na shigo idonta yana kan hannuna. Sai da ta sa Aishatu ta gaya mini in riƙa barin wayata a zaure kafin in shiga wurinta. Makarantar matan aure da take zuwa Asabar da Lahadi ta daina, mako uku ke nan. Ta'aziyya aka yi a maƙwabta, ta jira sai da mutane suka ragu sannan ta leƙa ta dawo. Matar da ko tsinke take tsinta a tsakar gida tana 'yar waƙarta, yanzu gidan shiru kamar an yi baƙo mai nauyi.

Na yi abin da zan iya. Na rubuta a shafin ina roƙon duk wanda ya sauke ya goge don Allah. Na bi gidajen da na sani ɗaya ɗaya, wasu suka goge a gabana, wasu suka ce sun riga sun goge, na san ba haka ba ne. Wata ma cewa ta yi ita ba za ta goge ba, in ta tuna tata uwar takan kunna. Na dakatar da ɗora kowace murya, har ta tsohon da ya yi mini bayanin ginin rumbu, wanda shi da bakinsa ya ce in sa duniya ta ji.

Tajuddeen, don ya rufa mini asiri, ya gaya wa Inna cewa wayoyin zamani haka suke, sukan ci gaba da ɗauka da kansu ko an kashe. Ta yarda, don ba ta san kan abin ba. Da na so, da na fake a bayan wannan har abada. Na kwana biyu ina fakewar, abinci ba ya shiga. Shekaranjiya bayan an tashi daga makaranta na hau mota na je, na bar wayar a zaure, na same ta ita kaɗai tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaya mata duka: cewa da ta tambaye ni na ce na kashe, ƙarya na yi, cewa da na gane kuskuren ban cire nan take ba, na bar shi ya kwana saboda ana yabona. Hannunta ya tsaya cikin waken. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ke na gaya wa, Auta. Don na ga ke ce ba ki taɓa jin kunyata ba, na ce bari in sauke a wurinki.” Yaya, da mari ta yi mini da ya fi.

Ina nan durƙushe ina kuka sai ta tambaya, can ƙasa ƙasa, ko mutumin can ya ji. Na ce a'a, ƙaramar waya gare ka, ba ka cikin zaurukan nan, kuma da ka ji da mun sani. A lokacin na tuna ranar da na raka ka tasha bayan ta'aziyyar Baba, da ka ce mini ka san al'ada ce, ka san kunya ce, amma wani lokaci in ka ga yadda take wasa da mu kai kuma ko ido ba ta haɗawa da kai, sai ka rasa abin da za ka gaya wa zuciyarka. Ni kuwa na yi dariya na ce kai ma ka cika son a lallashe ka. Ban gaya mata wannan ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na zaci an gama magana. Sai ta ce, “Mai shayi ya ji, mai faci ya ji, matan Gezawa sun ji. To, an ce Alhaji Basiru zai tashi jibi, ki sa a wani abu ki ba shi ya kai. Amma ki gaya masa, in ya kira ya ɗauko mini zancen nan, ko da wasa, na daina karɓar wayarsa.” Na roƙe ta gafara, ta ce in tashi in nemi mota kada magariba ta yi mini a hanya. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga ta inda na cancanta ba tukuna.

Saboda haka, ɗan ƙullin da ka gani a cikin ambulan ɗin nan memori ne, na naɗe shi a takarda na manne. Zai shiga ƙaramar wayarka, abu ɗaya ne tak a ciki. Na goge nawa, na wurina ya ƙare. Ka saurara kai kaɗai, kada ka kunna a shago. Kai ma ina neman gafararka, Yaya. Abin nan naka ne, shekara arba'in da shida yana ajiye ba a taɓa shi ba, ni na raba wa mutum dubu biyu da 'yan teburin shayi kafin ya iso hannunka. Ba ni da yadda zan mayar da shi sabo.

Ka gaishe mini da Anti Maimuna ƙwarai, ka ce mata kuka da daddawar da ke cikin ledar da Alhaji Basiru zai ba ka nata ne, daga Aishatu. Ka shafa mini kan Najib da Rumaisa, Allah ya yi musu albarka. Tajuddeen da mai jego suna gaisuwa, Kamaruddeen ma haka, Kawu Yuguda ya ce in na rubuto in gaishe ka, ko da yake har yanzu ba ya amsa tawa gaisuwar da kyau.

Ranar Juma'a in ka sauko daga masallaci ka kira kamar kullum. Ka tambaye ta jiki, ka tambaye ta dawa, ka bari ta ce lafiya lau a gaida yara ta miƙa wa Tajuddeen wayar. Ka daure kada muryarka ta yi rawa, don za ta gane. Wannan kaɗai ya rage mata wanda ban ɓata ba.

Wassalam. Ƙanwarka mai laifi,

Tahira